Izinin Daɓe Farfajiyar Gida a Ingila: Inda Doka Ta Sa Ido da Inda Ta Kau da Kai

A Ingila, mai gidan da ke son daɓe wani ɓangare na farfajiyarsa da falalen dutse, ko bulon intalok, ko kankare, ko kwalta, yawanci ba sai ya taka ofishin kowa ba. Zai kira magini, su daidaita a kan kuɗin aiki, a sauke kaya a fara. Sai dai wannan sauƙi yana tafe da sharuɗɗa. Doka tana duba ko daɓen a gaban gida yake ko a baya, tana duba tashinsa daga ƙasa da irin gidan da za a yi shi, amma abin da ta fi damuwa da shi shi ne inda ruwan sama zai bi idan ya sauka a kansa. Akasarin gidajen ƙasar suna da fili biyu: ɗan ƙarami a gaba mai fuskantar titi, wanda galibi ba a kewaye shi da doguwar katanga, da kuma babba a baya inda iyali ke shan iska. Na baya ana daɓe shi don a ajiye tebur da kujeru lokacin zafi. Na gaba kuwa, mota ce ke sa a daɓe shi.

Tushen maganar yana cikin Dokar Tsara Birane da Karkara ta 1947, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1948. Daga wannan rana mallakar fili ta daina zama izinin yin gini a kansa. Mutum na iya mallakar ƙasa, amma sauya ta sai da yardar hukuma. Dokar 1990 da ta gaje ta ta fassara raya fili da faɗi sosai, har ya haɗa da gini da aikin injiniya da duk wani aiki makamancin haka a kan ƙasa ko a ƙarƙashinta. Da an tsaya a nan, da kowane ɗan dakali sai an cika masa takarda, kuma da ƙananan hukumomi sun nutse a cikin fayil. Don haka gwamnati ta ba da izini na bai-ɗaya ga wasu ƙananan ayyukan gida, wanda kowa ke da shi ba tare da ya nema ba muddin bai ƙetare iyakokin da aka gindaya ba. Ƙa'idojin da ake aiki da su yanzu suna cikin umarnin da aka fitar a 2015, kuma daɓen farfajiya yana da sashensa na kansa a ciki. Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowace tana da nata ƙa'idojin, masu kama da na Ingila ta wasu fuskoki, amma ba ɗaya suke ba.

A bayan gida doka ta sakar wa mutane mara. Daɓen da ke kwance daidai da ƙasa ba a yanka masa iyakar faɗi ba, ba a kuma ce ga kayan da za a yi shi da su ba, in dai amfanin gida za a yi da shi. Matsala tana farawa ne idan daɓen ya tashi sama. Dandamalin da ya ɗara santimita 30 daga ƙasa, na katako ne ko na bulo, ya fita daga izinin bai-ɗaya. Dalilin maƙwabci ne: shingen da ke tsakanin gidaje ba ya wuce mita 2 in ba da izini ba, kuma wanda ya tsaya a kan dandamali mai tsawo yana kallon duk abin da ake yi a gidan da ke kusa. Haka ma filin da ke kan gangare, wanda sai an yi ciko mai yawa an tokare shi da katanga kafin ya daidaita, hukuma na iya ɗaukar aikin a matsayin na injiniya mai buƙatar izini. Idan aka kafa rumfa a kan daɓen, wasu ma'aunai sun shigo: wadda ke tsaye da kanta a cikin tazarar mita 2 daga iyakar maƙwabci ba za ta wuce mita 2.5 a tsayi ba, kuma gine-ginen da aka ƙara gaba ɗaya ba za su cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da asalin gidan ba.

Gaban gida ne ke da ƙa'ida mai tsauri, kuma ita ce zuciyar wannan batu. Tun daga 1 ga Oktoba, 2008, daɓen da ke tsakanin fuskar gida da titi, idan ya wuce murabba'in mita 5, dole ne ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa biyu: ko a yi shi da kayan da ruwa ke ratsawa ya shige ƙasa, ko a karkata ruwansa zuwa ciyawa ko lambu ko wani wuri mai shan ruwa a cikin harabar gidan. Wanda ya nace sai ya zuba kankare ko kwalta da za ta tura ruwa kan titi, to sai ya nemi izini. Ƙa'idar ta shafi sabon daɓe, ta kuma shafi wanda aka fasa tsohon aka sake. Murabba'in mita 5 ƙaramin wuri ne ƙwarai. Wurin ajiye mota ɗaya yakan kai mita 2.4 a faɗi da mita 4.8 a tsawo, wato ya ninka wannan iyaka fiye da sau biyu. Ma'ana, kusan babu wata hanyar mota ta ƙofar gida da ta tsira daga sharaɗin.

Ambaliyar 2007 ce ta haifi wannan ƙa'ida. Ruwan da aka yi daga Mayu zuwa Yuli na wannan shekara ya fi na kowane irin waɗannan watanni uku tun da aka fara ajiye lissafin ruwan sama na Ingila da Wales a 1766. Gidaje da wuraren sana'a kimanin 55,000 ruwa ya shiga, mutum 13 suka rasu, kuma a yankin Gloucestershire mutane kusan 350,000 suka rasa ruwan famfo bayan matatar ruwa da ke kusa da Tewkesbury ta nutse. Abin da ya fi girgiza masana shi ne asalin ruwan. Hukumar Kula da Muhalli ta ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na wuraren da abin ya shafa, ba kogi ne ya cika ya afka musu ba. Ruwan sama ne da ya sauka a kan rufi da tituna da daɓe, ya fi ƙarfin magudanai, ya rasa inda zai bi. Birnin Hull shi ne babban misali. Gwamnati ta ɗora wa Sir Michael Pitt binciken lamarin, kuma rahotonsa na 2008 ya ba da shawarar a daina barin masu gida suna toshe filayensu da daɓen da ba ya shan ruwa ba tare da an tambaye su ba.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan sama na milimita 25 idan ya sauka a kan daɓe mai murabba'in mita 40, ya tara lita 1,000, wato durom biyar na lita 200. A kan ciyawa, mafi yawansa zai tsaya ya nutse a hankali. A kan kankare, cikin mintoci zai gangara bakin titi. Gida ɗaya ba ya kawo ambaliya, amma layi guda mai gidaje ɗari yana iya cika magudanar da aka haƙa tun zamanin da kowace ƙofa ke da lambu. Ƙari a kan haka, tsofaffin unguwannin biranen Ingila suna amfani da magudanai na gamayya, inda ruwan sama da ƙazantar bayan gida ke bin bututu ɗaya. Idan bututun ya cika, abin da ke ciki ko dai ya malala cikin kogi, ko ya dawo cikin gidajen mutane. Ruwan da ya wanke hanyar mota kuma yana ɗauke da baƙin mai da ƙurar taya. Yawan daɓen ma ba ƙarami ba ne: wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa a cikin kusan shekara goma Landan ta riƙa asarar korayen filayen gidaje da girmansu ya kai ninki biyu da rabi na lambun Hyde Park a kowace shekara.

Cika sharaɗin ba ya buƙatar wata fasaha mai tsada, amma yana buƙatar magini mai gaskiya. Hanya mafi arha ita ce tsakuwa zalla. Akwai kuma bulon intalok na musamman mai 'yan ƙusoshi a gefe, waɗanda ke hana bulo ya manne da ɗan'uwansa, sai a cika ratar da ƙananan tsakuwa maimakon yashi mai laushi, ruwa ya riƙa bi ta nan. Akwai kwalta da kankare masu ƙofofi, da tsakuwar da aka cuɗa da wani irin danƙo ta daskare amma ta bar kafofin ruwa. Sai dai a ƙarƙashi gizo ke saƙa. Cikon da aka saba zubawa a ƙarƙashin daɓe yana da garin dutse a ciki, kuma idan injin dannawa ya bi ta kansa sai ya toshe kamar siminti. Daɓe mai shan ruwa yana son cikon dutse wankakke marar gari, wanda ke barin sarari a tsakaninsa ruwa ya taru kafin ƙasa ta shanye. Magini na iya shimfiɗa bulo mai tsada a kan ciko na gama-gari, ido ba zai gane ba, sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi aka ga ya kwanta a sama. Irin ƙasar wurin ma tana da nata hukunci. Yashi da alli suna shan ruwa da sauri, amma yumɓun da ya mamaye yawancin Landan ba ya sha sai da ƙyar, don haka a can ana buƙatar ciko mai zurfi ko wata hanyar rage ruwan.

Wanda ya fi son daɓe na gama-gari yana da mafita ta biyu. Zai ba daɓen ɗan gangare zuwa ciyawa, ko ya sa ƙaramar kwata mai murfin raga a bakin ƙofa ta tare ruwan ta kai shi ramin sokawe na ruwan sama da aka haƙa a cikin gidan. Ƙa'idar gini ta ce irin wannan rami ya nisanci gini da aƙalla mita 5, don kada ya jiƙa harsashi, kuma ƙananan filayen gaba da yawa ba su da wannan sarari. A nan ma ana ha'inci: sau da yawa akan ga kwatar an jera ta a bakin hanya tana ƙyalli, amma ba ta haɗu da komai a ƙasa ba.

Izinin daɓe daban, izinin shigar da mota daban, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Tsakanin filin gida da kwalta akwai hanyar masu tafiya a ƙafa, wadda ba ta mai gida ba ce. Dokar Hanyoyi ta 1980 ta ba hukumar da ke kula da titin ikon yarda ko ƙin yarda a sassauto da dakalin bakin titi a kuma ƙarfafa wurin da mota za ta riƙa hawa. Ana ƙarfafa shi ne saboda a ƙarƙashinsa bututun ruwa da na gas da wayoyin lantarki da na sadarwa suke bi, kuma ba a gina shi don nauyin mota ba. Hukuma na iya ƙi idan ƙofar ta yi kusa da mahaɗar hanya, ko akwai bishiya ko tashar bas a wurin, ko filin bai kai tsawon da mota za ta shige gaba ɗaya ba. Ƙananan hukumomi da yawa suna neman kimanin mita 4.8. Idan titin babba ne mai daraja a rajistar hanyoyi, sai an haɗa da izinin tsara gari. Mai gida ne ke biyan kuɗin aikin, kuma ma'aikatan hukuma ko ɗan kwangilar da ta amince da shi ne kaɗai ke taɓa wurin. Mai hankali yakan fara da wannan izini kafin ya sayi bulo ko ɗaya, domin an sha ganin wanda ya gama daɓe mai kyau sannan aka hana shi hanyar shiga.

Ba kowane gida ne ke da izinin bai-ɗaya ba. Masu zama a benaye da aka rarraba gida-gida ba su da shi sam. Gidajen da aka sa a rajistar gine-ginen tarihi suna da tasu doka mai zafi, inda taɓa ginin ko tsohuwar katangarsa ba da izini ba laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara biyu. A unguwannin da aka keɓe don adana kamanninsu na da, ƙaramar hukuma na iya janye izinin bai-ɗaya ta hanyar wani umarni da ake kira na sashe na 4, kuma rushe katangar gaba da ta wuce mita 1 a irin waɗannan unguwanni na buƙatar izini. Sabbin rukunan gidaje ma sau da yawa tun ranar da aka amince a gina su aka rubuta cewa filin gaba zai zauna kore. Bishiyar da hukuma ta ba kariya, sare saiwarta wajen haƙa laifi ne. Bayan duk wannan akwai takardar mallakar gidan kanta, wadda kan ɗauki tsohon sharaɗi da ya hana ajiye mota ko sauya fuskar gida; wannan ba ruwan ƙaramar hukuma da shi, magana ce tsakanin masu haƙƙi da kotu.

Ƙa'idojin ingancin gini, waɗanda suka bambanta da izinin tsara gari, galibi ba sa neman a kai musu takarda a kan daɓe. Duk da haka sun hana a mayar da shiga gida ta fi da wuya, misali a sa matakala a inda da babu, abin da zai takura wa mai keken guragu ko tsoho. Akwai kuma ma'aunin da kowane magini na kirki ya sani: a jikin bangon gida akwai shimfiɗar da ke hana danshi hawa, kuma daɓe ya kamata ya zauna aƙalla santimita 15 a ƙasa da ita, wato kimanin layin bulo biyu. Idan aka ɗora sabon daɓe a kan tsoho har ya kai wannan layi, ko ya toshe kafofin iska da ke ƙasan bango, bayan 'yan shekaru fenti zai fara ɓarewa a ɗaki, katakon ƙasa ya fara ruɓa. Daɓen kuma ya gangara nesa da gida, kimanin santimita ɗaya da rabi a kowace mita. Murfin ramin duba magudana ba a binne shi, musamman da yake tun Oktoban 2011 yawancin bututun ƙazanta da gidaje ke tarayya a kansu sun koma hannun kamfanonin ruwa, waɗanda ke da ikon fasa daɓen don su kai ga bututunsu.

Idan izini ya zama dole, ana nema ne ta intanet a wurin ƙaramar hukuma, tare da taswirar wurin da zanen aikin da bayanin inda ruwa zai tafi. Kuɗin 'yan ɗaruruwan fam ne. Ana ba maƙwabta kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, hukuma kuma ta yanke hukunci cikin mako 8. Izinin da aka bayar yana lalacewa idan ba a fara aiki cikin shekara 3 ba, wanda aka hana kuma yana da mako 12 ya ɗaukaka ƙara. Mai shakka a kan ko aikinsa na buƙatar izini zai iya neman takardar shaidar halascin aiki a kan rabin kuɗin, kuma tana da amfani ranar sayar da gida, lokacin da lauyan mai saye zai tambayi takardun duk wani sauyi da aka yi. Yin daɓe ba izini ba laifi ba ne a karan kansa, amma hukuma na iya ba da umarnin a fasa, kuma ƙin bin umarnin shi ne laifin, da tarar da ba a ƙayyade mata iyaka ba. A da, aikin da ya shekara 4 ba a yi magana ba ya tsira. Ga ayyukan da aka kammala daga 25 ga Afrilu, 2024, wa'adin ya koma shekara 10. Nauyin duka a kan mai gida yake, ba a kan maginin da ya ce masa babu komai ba.

Idan aka kwatanta da wasu ƙasashe, a Amurka babu doka ɗaya ta ƙasa. Kowane gari da tasa. Kundin ƙa'idojin gina gidaje da yawancin jihohi suka ɗauka ya yafe izinin gini ga hanyar mota da ta ƙafa, da ƙaramin dandamalin katako da bai wuce inci 30 daga ƙasa ba kuma bai manne da gida ba. Amma garuruwa da dama suna ƙayyade kason filin da za a iya rufewa. A Austin ta jihar Texas, kashi 45 cikin ɗari ne a yawancin unguwannin gidajen iyali, har da rufin gidan a lissafin. Kafin a haƙa ko'ina kuma ana kiran lamba 811 a zo a nuna inda bututu da wayoyi suke. A Najeriya, inda intalok da daɓen siminti suka mamaye harabobin sabbin gidaje a Abuja da Kano da Kaduna, dokar tsara birane ta 1992 da dokokin jihohi sun wajabta izinin gini, amma abin da hukumomi irin su KNUPDA a Kano suka fi bi shi ne rumfa da dakali da shagon da suka ci hanya ko suka hau magudana. Ruwan da harabar da aka daɓe daga bango zuwa bango ke turowa lungu ta bututun ƙasan ƙofa, ba kasafai ake tambayar mai shi ba, alhali unguwar ce ke kwana a cikinsa da damina.

Ƙa'idar Ingila ta kama bakin zaren, tunda ta bar wa mai gida zaɓin kayan da yake so ta riƙe shi a kan ruwansa kaɗai. Rauninta a wurin aiwatarwa yake. Babu jami'in da ke zuwa duba daɓen da aka yi a ƙarƙashin izinin bai-ɗaya, kuma ƙananan hukumomi ba su da ma'aikatan da za su bi layi-layi, don haka galibi sai maƙwabci ya kai ƙara ake sanin an karya ta. Bulon da ke shan ruwa ma yana toshewa da ƙura da gansakuka idan ba a share ratarsa, kuma babu wanda doka ta ɗora wa duba wannan. Yaɗuwar motoci masu aiki da lantarki, waɗanda masu su ke son yi musu caji a ƙofar gida, tana ƙara wa mutane dalilin tumɓuke ciyawar gaba. Babban giɓin kuwa shi ne bayan gida. Rahoton Pitt ya nemi a nemi shawara kan haɗawa da filayen baya, gwamnati ta tsaya a na gaba, alhali na baya ne suka fi girma. Har yau mai gida a Ingila na iya rufe filinsa na baya kaf da kankare ba tare da ya nemi izinin tsara gari ba, kuma wannan ne sashen dokar da ya fi buƙatar gyara.